BABI NA UKU: YADDA AKE SA YUMƁU YA TSAYA A KAN RUWA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo ire-iren wasannin da yara suke yi da laka a unguwannin da ke kudu da Kogin Kaduna, wato Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa da Narayi da Sabon Tasha da Unguwar Romi. An nuna cewa duk da yake mazauna waɗannan unguwanni sun fito ne daga al'ummomi daban-daban, kamar Gbagyi da Bajju da Atyap da Ham da Adara da Hausawa da sauransu, harshen Hausa shi ne ya haɗa yaransu a wajen wasa. A wannan babi kuwa za a ɗauki wasa ɗaya daga cikin waɗancan, wato gina jirgi da yumɓu, a yi bayanin abin da ke sa curin yumɓu ya nutse a cikin ruwa, amma idan aka sake masa siffa sai ya tsaya a sama, alhali ba a rage komai daga jikinsa ba.

Dalilin zaɓen wannan wasa guda biyu ne. Na farko, don a gwada ko Hausa za ta iya ɗaukar bayanin kimiyya ba tare da an jingina da Turanci a kowace jimla ba, musamman da yake manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta taɓa yin tanadin a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a inda yake zaune. Na biyu kuwa, yaran da ake magana a kansu a bakin kogi suke tashi, kuma dokar da ke riƙe da kaskon wasa a cikin daro ita ce take riƙe da kwale-kwalen da wata rana za su shiga.

3.1 Yumɓu Iri Biyu

Kafin a shiga bayani ya kamata a bambance abubuwa biyu da ake kira da suna ɗaya. Akwai yumɓu na ainihi, wato ƙasa mai danƙo da ake haƙowa a fadama ko a gefen rafi, wadda magina suke kwaɓawa su gina tukunya da tulu da randa da kasko da asusu. Wannan sana'a daɗaɗɗiya ce ƙwarai a wannan yanki. Mutum-mutumin Nok, waɗanda aka fara cin karo da su a 1928 a kudancin Jihar Kaduna ta yau, da gasasshen yumɓu aka yi su fiye da shekara dubu biyu da suka wuce. Haka kuma matan Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa, sun shahara da gini, kuma daga cikinsu ne aka sami Ladi Kwali wadda ta rasu a 1984, wadda hotonta yake a bayan takardar naira ashirin.

Iri na biyu shi ne yumɓun makaranta, mai launuka, wanda ake sayarwa a kantin littattafai ana ba yaran nazare da firamare. Shi wannan ba ƙasa ba ce. Wani malamin zane a garin Bath na ƙasar Ingila, mai suna William Harbutt, shi ne ya haɗa shi a 1897 domin ɗalibansa su sami abin gini wanda ba ya bushewa, aka sa masa suna Plasticine. Ana haɗa shi ne da gari mai kama da alli da kuma maiƙo, shi ya sa ruwa ba ya kama shi, ba ya kuma narkar da shi. Wannan bambanci yana da muhimmanci, kuma za a dawo kansa a gaba. Amma ta fuskar nutsewa duka biyun hukuncinsu ɗaya: idan aka cura kowanne daga cikinsu aka jefa a ruwa, ƙasa zai tafi.

3.2 Kalmar "Nauyi" da Ruɗanin da ke Cikinta

Idan aka tambayi yaro me ya sa curin yumɓu ya nutse, amsar da zai bayar ita ce, "Saboda yana da nauyi." Ba yara kaɗai ba, mai wannan bincike ya ji irin wannan amsa daga bakin malami a cikin aji a wata makarantar firamare, inda aka rubuta a allo cewa abu mai nauyi yana nutsewa, marar nauyi kuma yana tasowa, yara suka kwafa. Wannan magana ba ta tsayuwa idan aka gwada ta. Tsakuwa ƙarama wadda ba ta kai ƙwayar masara ba tana nutsewa, amma gungumen itace wanda ƙarti huɗu ba za su iya ɗagawa ba, sai a gan shi ambaliya ta ɗauko shi yana tafiya a saman Kogin Kaduna. Idan da nauyi kawai ake dubawa, gungumen ne ya kamata ya riga tsakuwar isa ƙasa.

Matsalar ita ce Bahaushe yana amfani da kalmar "nauyi" ta hanya biyu, kuma yana gane wadda ake nufi daga yadda magana ta zo. Idan aka ce "wannan buhu ya yi nauyi", ana nufin abin da sikeli zai nuna. Amma idan aka ce "gishiri ya fi dusa nauyi", ba ana nufin kowane ƙunshin gishiri ya fi kowane buhun dusa ba ne. Abin da ake nufi shi ne idan aka auna mudu ɗaya na gishiri da mudu ɗaya na dusa, to na gishirin zai rinjaya. Wato an daidaita girma tukuna, sannan aka kwatanta nauyi. Duk macen da ke awo a kasuwar Kakuri ta san wannan, ko da ba ta taɓa ba shi suna ba. To, wannan ma'ana ta biyu ita ce kimiyya take bukata a nan, don haka a cikin wannan nazari za a kira ta "nauyin awo", wato nauyin abu gwargwadon gurbin da ya cike. An fifita wannan suna a kan aro daga Turanci saboda yaro yana jin kalmar awo zai tuna da mudu.

Ruwa shi ne ma'aunin da ake kwatanta komai da shi, domin lissafinsa mai sauƙi ne: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, mililita ɗaya kuma giram ɗaya. Ledar ruwan sha da ake sayarwa, mai mililita 500, rabin kilo ke nan. Ɗanyen yumɓu ya kusa ninka ruwa sau biyu a nauyin awo. Ƙarfe ya ninka shi kusan sau takwas. Yawancin busassun itatuwa ba su kai ruwa ba, man gyaɗa da kananzir ma ba su kai shi ba, shi ya sa suke kwanciya a samansa. Ƙa'idar farko ke nan: abin da ya fi ruwa nauyin awo zai nutse, wanda bai kai shi ba zai taso. Mata suna aiki da wannan ƙa'ida kullum a wajen rege shinkafa ko gero, inda ƙaiƙayi yake tasowa sama a tsiyaye shi, tsakuwa kuma ta kwanta a gindin ƙwarya.

3.3 Tunkuɗar Ruwa

Tambayar da ta rage ita ce, me ke riƙe abu a saman ruwa? Amsa ita ce ruwa yana tunkuɗa duk abin da ya shiga cikinsa zuwa sama, har da abin da ya nutse. Wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya ya san cewa muddin guga yana cikin ruwa ba a jin nauyinsa sosai, amma da zarar ya rabu da ruwan sai hannu ya ji shi. Gugan bai canza ba, taimakon da ruwa yake yi ne ya yanke. Haka nan wanda ya gwada danna ƙwarya a cikin daro zai ji kamar akwai hannu a ƙasa yana mayar da ita, kuma yana ƙara dannawa tana ƙara gardama. A kiɗan ƙwarya na mata, irin wanda marigayiya Barmani Choge ta shahara da shi, ƙwaryar da aka kife a kan ruwa tana shan duka amma ba ta nutsewa, saboda iskar da ke kulle a cikinta.

Asalin wannan tunkuɗa shi ne matsin ruwa yana ƙaruwa ne da zurfi. Idan aka huda durom cike da ruwa a wuri biyu, ɗaya kusa da baki, ɗaya kusa da gindi, ruwan hudar ƙasa zai fi fita da ƙarfi, domin duk ruwan da ke sama yana danne shi. Saboda haka abin da ke cikin ruwa yana shan matsi ta kowane ɓangare, amma matsin da ke ƙarƙashinsa ya fi wanda ke samansa, tunda ƙarƙashin ya fi zurfi. Rarar da ke tsakanin matsin biyu ita ce take tura shi sama.

Wanda ya fara tsara wannan a matsayin doka shi ne Arkimidis, masanin lissafi Bagirke wanda ya zauna a birnin Sirakus na tsibirin Sisili, ya rasu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Dokar tasa tana cewa ƙarfin da ruwa yake tunkuɗa abu da shi daidai yake da nauyin ruwan da abin ya kawar daga gurbinsa. Akwai labarin da ake yawan bayarwa cewa ya gano haka ne a wurin wanka, lokacin da sarkin garin ya sa shi ya bincika ko maƙeri ya yi algus a kambin zinariya. Sai dai wannan labari wani marubucin Rum ne ya kawo shi kimanin shekara ɗari biyu bayan rasuwar Arkimidis, don haka ya fi kama da hikaya. Abin da ya tabbata shi ne littafin da ya rubuta a kan abubuwan da ke tsayuwa a ruwa. Daga baya malaman Musulunci sun ɗora a kan wannan aiki. Albiruni, wanda aka haifa a 973, ya auna nauyin awo na ƙarafa da duwatsu masu daraja ta hanyar tara ruwan da suka kawar, sannan Alkhazini ya rubuta littafinsa Mizanul Hikma a birnin Marwa wajen 1121, inda ya bayyana sikelin da ake awo da shi a cikin ruwa. An kawo wannan ne domin ɗalibai da yawa suna ɗaukar irin wannan ilimi a matsayin abin da Bature ya zo da shi jiya.

3.4 Gwajin Kansa

Kayan da ake bukata ba su da tsada: curin yumɓu kamar girman ƙwan kaza, da daro ko bokiti mai ruwa, da tsakuwoyi ƙanana masu kusan girma ɗaya. Idan akwai roba mai haske wadda ake ganin ruwa ta jikinta, kuma ba ta cika faɗi ba, ta fi, domin a riƙa sa alama a inda ruwa ya tsaya.

Da farko sai a mulmula yumɓun ya zama dunƙule, a sa alama a iyakar ruwa, a saka shi. Zai nutse, ruwan kuma zai ɗan hau. Sai a sa alama ta biyu, a ciro shi, a goge shi. Daga nan sai a danna babban yatsa a tsakiyarsa, a riƙa juya shi a tafin hannu ana matse gefe da yatsu, kamar yadda maginiya take fara ƙaramin kasko, har ya buɗe ya yi zurfi. Idan ya yi siffar kasko sai a ɗora shi a hankali a kan ruwa, gindi a ƙasa, a sake shi. Idan ginin ya yi kyau zai zauna, wani ɓangarensa a cikin ruwa, bakinsa a waje. Abin da ya fi ba yara mamaki a nan shi ne idan aka duba alama, sai a ga ruwan ya hau fiye da yadda ya hau lokacin da dunƙulen ya nutse. Yawancinsu suna zaton abin da ya nutse shi zai fi tayar da ruwa.

Lissafi zai fayyace dalili. A ɗauka curin giram 100 ne, kuma don sauƙi a ce ya ninka ruwa sau biyu cif a nauyin awo. Gurbin da zai cike ke nan mililita 50 ne. Idan ya shiga ruwa a dunƙule, iyakar ruwan da zai iya kawarwa mililita 50 ne, wato giram 50. Ruwa zai tunkuɗa shi da ƙarfin giram 50, shi kuwa yana danna ƙasa da giram 100. Tunkuɗar ba ta isa ba, sai ya nutse.

Yanzu a ce an buɗe shi ya zama kasko mai faɗin baki kamar santimita 9, kaurin jikinsa kuma kamar milimita 4. Irin wannan kasko cikinsa zai ci kimanin mililita 150. Idan aka haɗa da mililita 50 na yumɓun kansa, gurbin da kaskon zai iya cikewa a cikin ruwa kafin ruwa ya kai bakinsa ya zama mililita 200. Nauyinsa yana nan giram 100, domin iskar da ke cikinsa ba ta da nauyin da za a lissafa a nan. Da aka ɗora shi sai ya fara sauka yana kawar da ruwa, tunkuɗa tana ƙaruwa, har lokacin da ya kawar da mililita 100. A daidai nan tunkuɗa ta yi daidai da nauyinsa, sai ya tsaya. Wannan ne ya sa alamar ruwa ta hau ninki biyu na hawan farko. Ta wata fuskar ana iya cewa yumɓu da iskar da ya rungume sun zama abu ɗaya mai giram 100 a gurbin mililita 200, wato rabin nauyin awo na ruwa. Yumɓun bai yi sauƙi ba, gurbinsa ne ya ƙaru.

Daga wannan lissafi ana iya sanin kayan da kaskon zai ɗauka tun kafin a ɗora masa. Yana da sauran mililita 100 a sama da ruwa, saboda haka iyakarsa giram 100 ne. Idan aka zuba masa tsakuwa ta giram 60, zai sauka har ya kawar da mililita 160, saura 40. Kowace tsakuwa da aka ƙara tana cin wani abu daga wannan rara. Idan rarar ta ƙare ruwa zai haura baki, kuma da zarar ya fara shiga, nauyi yana ƙaruwa, kaskon yana ƙara sauka, ruwa yana ƙara samun hanya. Shi ya sa nutsewar ba ta zuwa a hankali. Yaro zai ga jirginsa yana zaune lafiya da tsakuwa goma sha biyar, ta goma sha shida kuma ta kai shi ƙasa cikin ƙiftawar ido.

A wajen kallon yara suna wannan wasa an lura cewa jirgi yakan ƙi tsayuwa saboda dalilai kaɗan da suke maimaituwa. Mafi yawa shi ne kauri: yaro yakan ji tsoron kada ya fashe, sai ya bar jikin da kauri, cikin ya zama ɗan mitsitsi, gurbin bai ninka ba. Wani kuma yakan lallatsa shi ya zama kamar faifai, ba gefe, ruwa ya hau kansa nan take. Akwai wanda gininsa ya yi kyau amma bakin bai daidaita ba, to ruwa ba ruwansa da gefen da ya fi tsawo, ta inda ya fi gajarta zai shiga. Sai kuma tsaga ko huda, wadda ko ta kai ƙofar allura ta isa, domin ruwa ba sa'an kwando ba ne. Abu na ƙarshe shi ne jirkicewa. Yaran da suka gina dogon jirgi siriri, suna kwaikwayon kwale-kwale, sukan ga yana kifewa ko da gurbinsa ya isa, alhali mai faɗin gindi yana zaune daram. Haka kuma idan aka tara tsakuwa a gefe ɗaya, ko aka jera ta ta yi tsini sama, jirgin yakan karkata ya sha ruwa tun rararsa ba ta ƙare ba. Kaya a ƙasa, a tsakiya, a baje, shi ne yake zaunar da shi.

Ba za a haɗa wannan da allura ko reza da akan kwantar a hankali a saman ruwa su tsaya ba. Wannan wani abu ne daban, ƙarfin fatar saman ruwa ne yake riƙe su, kuma ɗigon sabulu yana rushe shi.

3.4.1 Ɗanyen Kasko

Duk abin da aka faɗa a sama ya shafi yumɓu iri biyun nan, amma akwai inda suka rabu, wato daɗewa. Jirgin yumɓun makaranta zai iya kwana a kan ruwa saboda maiƙon da ke jikinsa. Na yumɓun fadama kuwa na ɗan lokaci ne. Idan ɗanye ne zai yi ta shan ruwa yana laushi har gindinsa ya ɓule. Abin mamaki, wanda aka shanya ya bushe ƙarau ba a gasa ba ya fi saurin lalacewa, domin ruwa yana kutsawa cikin ƙofofin da suka buɗe lokacin bushewa, sai ya ruguje ya koma laka. Hausawa sun san da haka tun da daɗewa, shi ya sa suke cewa ɗanyen kasko ba ya kai ruwa ban ɗaki. Ana yin wannan karin magana ne a kan mutumin da bai isa a dogara da shi ba, amma asalinta lura ce ta kimiyya, kuma daidai take.

Gashi shi ne yake canza al'amarin. Idan zafi ya wuce kimanin digiri 600 a ma'aunin Salshiyos, ruwan da ke ɗaure a cikin ƙwayoyin yumɓu yakan fita, yumɓun ya rikiɗa ya zama abin da ba zai sake komawa laka ba. Wutar itace da ciyawa da magina suke rufe tukwane da ita tana kai wannan zafi. Duk da haka gasasshiyar tukunya tana da ƙananan ƙofofi, waɗanda ta cikinsu ne randa take tsattsafo da ruwa har ta sanyaya shi. Don haka tulun da aka bari a kan ruwa zai tsaya na tsawon lokaci, amma yana jiƙa yana ƙara nauyi a hankali.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai aka lura da wannan ba. A yankin Panjab, wanda ke tsakanin Indiya da Pakistan, akwai tsohuwar hikaya ta Sohni da Mahiwal, wadda aka mayar fim ɗin Indiya a 1984. Sohni 'yar magina ce, takan haye Kogin Cenab da dare tana rungume da gasasshen tulu. Da wata 'yar'uwar mijinta ta gane, sai ta musanya mata shi da ɗanye, ya narke a tsakiyar kogi, ta halaka. Duk hikayar a kan bambancin da karin maganar nan ta Hausa ta ambata aka gina ta. A nan gida kuwa gora aka fi dogara da shi, kamar yadda ake gani a bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, inda masunta suke kwanciya a kan manyan goruna a kogin Matan Fada.

3.5 Daga Kasko Zuwa Kwale-kwale

Idan yaro ya gane kasko, ya gane jirgin ruwa na ƙarfe. Ƙarfe ya ninka ruwa kusan sau takwas, don haka sai an buɗe shi ya rungumi gurbin da ya wuce ninki takwas na jikinsa kafin ya tsaya, kuma abin da maƙeran jirgi suke yi ke nan. Har da siminti an yi jirgi: wani Bafaranshe mai suna Joseph-Louis Lambot ya gina kwale-kwale da siminti da wayar ƙarfe a 1848, ya kuma tsaya a kan ruwa.

Kogin Kaduna yana tasowa ne daga tsaunukan Jos, ya ratsa garin Kaduna ya raba shi biyu, ya tafi ya faɗa Kogin Kwara. Da rani yakan janye har duwatsu su fito, da damina kuma, musamman a watan Agusta da Satumba, yakan cika ya yi ƙarfi. Masu ɗibar yashi da masunta da masu fito suna aiki a kansa da kwale-kwale. Wanda ya tsaya ya kalli kwale-kwalen yashi yana dawowa gaɓa zai ga wani lokaci abin da ya rage tsakanin bakinsa da ruwa bai wuce faɗin tafin hannu ba. Jiƙaƙƙen yashi ya kusa ninka ruwa biyu a nauyin awo, saboda haka kwale-kwale yana kai iyakarsa tun cikinsa bai cika ba. Ido yana ganin sauran wuri, amma rara ta ƙare.

Haka abin yake ga fasinja. A ɗauka, a matsayin misali, kwale-kwale ne mai gurbin lita 2,000 zuwa baki, nauyin kansa kuma kilo 400. Rararsa kilo 1,600 ke nan. Idan kowane mutum kilo 60 ne, mutum 26 za su kai shi dab da baki. Amma wannan adadi ba shi ne abin da zai ɗauka ba, shi ne inda zai nutse ko da ruwa yana kwance kamar a daro. Kogi kuwa yana da igiya, akwai iska, akwai wanda zai miƙe tsaye, akwai buhun masara da babur da ba a lissafa ba. Wani kuskure da ake yi shi ne a ce yara ba su da nauyi, a yi ta ɗura su, alhali yara biyu ko uku babba ɗaya ne a wurin ruwa, kuma yara sun fi saurin ruɗewa su taru a gefe ɗaya. A ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgi ya kife a madatsar ruwa ta Watari a Ƙaramar Hukumar Ɓagwai ta Jihar Kano, mutum 29 aƙalla suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya da suka taso daga ƙauyen Badau za su wajen Mauludi, kuma rahotanni sun danganta hatsarin da lodin da ya wuce kima.

Ƙasar Ingila ta sha irin wannan asara a ƙarni na sha tara, lokacin da masu jiragen kasuwanci suke cika su da kaya. Wani ɗan majalisa mai suna Samuel Plimsoll ya yi ta fafutuka har aka yi dokar 1876 wadda ta wajabta zana alama a jikin jirgi, wadda ke nuna iyakar inda ruwa zai kai idan an yi lodi. Har yau manyan jiragen ruwa suna ɗauke da wannan alama, kuma tana da layi daban na ruwan kogi da na teku, saboda ruwan gishiri ya ɗan fi nauyin awo, yana kuma ɗaga jirgi fiye da ruwan daɗi. A ra'ayin mai wannan bincike, wannan shi ne matakin da ya kamata malami ya ƙara a kan wasan yara. Bayan sun ƙirga tsakuwar da ta nutsar da kaskonsu, sai a sa su sake gina shi, su zuba rabin wannan adadi, su ɗauki tsinke su ja layi a jikin yumɓun daidai inda ruwa ya tsaya. Daga nan sai ɗaya daga cikinsu ya kaɗa ruwan daron da hannu, su kwatanta kaskon da aka tsaya a kan layinsa da wanda aka cika har baki.